Sabon SSD ne amma Windows ta ƙi hawa

Shagona yana Samaru ba nisa da get ɗin ABU, kuma aikin da ya fi shigo mana yanzu shi ne a cire tsohon hadis (hard disk, ma'ajiyar fayilolin kwamfuta) a sa SSD, sabuwar ma'ajiya mai sauri, a ɗora Windows. Yawanci rabin awa an gama. Amma akwai ranar da za ka soka filas mai ɗauke da Windows, instolin ya kama hanya lafiya lau, can sai sikirin ya koma bulu ko kwamfutar ta mutu ta tashi da kanta, kuma abin da kwastoma zai fara cewa shi ne oga SSD ɗin nan jabu ne. Ni dai a abin da hannuna ya taɓa, sau da yawa SSD ba ruwansa.

Satin da ya wuce wani ɗalibi ɗan aji huɗu ya shigo da laftof ɗinsa 'yar gwanjo, saura kwana biyar ya miƙa furojet, duk ya rikice. Ya sayo SSD mai 256GB ya gwada da kansa har sau uku. Na ce masa zauna ɗan'uwa, wuri ɗaya take tsayawa ko tana canjawa? Ya ce wallahi oga na farko a kashi 14 ta tsaya, na biyu ta wuce 60, na uku har ta gama kwafi sannan ta mutu.

Wannan tambayar da ita nake fara kowane aiki irin wannan. In kullum wuri ɗaya take cijewa toh filas ɗin nake tuhuma ko fayil ɗin ISO, wato kwafin Windows da aka zuba a filas ɗin, don in wani sashe ya lalace duk sanda aka zo karanta shi nan za a tsaya. Sai a sake haɗa filas da manhajar Rufus ko Media Creation Tool na Microsoft, filas mai kyau da bai gaza 8GB ba, a canja masa rami. In kuwa yau nan gobe can, hankalina kan RAM (ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita) yake tafiya ko zafi, saboda lokacin instolin manyan fayiloli ake warwarewa kuma duk ta cikin RAM suke bi kafin su sauka a SSD, ɗan kuskure kaɗan sai ka ga saƙon matsala irin 0x8007025D ko MEMORY_MANAGEMENT.

Na ce yarona ya kwance bayanta. RAM biyu ne a ciki, 8GB da 4GB, ga ƙurar hunturu ta toshe fanka kamar an cusa auduga. Muka kakkaɓe, muka goge haƙoran RAM ɗin da abin goge fensir, muka gwada su ɗaya bayan ɗaya da manhajar gwajin RAM ta MemTest86. Mai 8 ya wuce tsaf, mai 4 ko minti biyar bai yi ba kuskure ya fara zuba. Ɗalibin ya ce amma ai da tsohon hadis tana aiki, na ce tsakaninka da Allah ba ta taɓa daskarewa kana cikin rubutu ba? Ya yi shiru sannan ya ce kusan kullum, shi ya ɗauka nauyin hadis ne shi ya sa ma ya sayi SSD. Muka bar mai 8 shi kaɗai, Windows ta hau ba gardama.

Akwai kuma matsalolin BIOS, wato saitin cikin na'urar da ke tashi kafin Windows, waɗannan ba su da wuya. In Windows ta ce ba za ta hau ba saboda MBR ko GPT (tsarin rabon ma'ajiya), Shift da F10 za ka danna ka rubuta diskpart ka yi clean, wato ka share SSD ɗin kaf, amma don Allah a cire duk wani hadis mai kaya tukun, na ga wanda ya share hotunan bikinsa kaf saboda ya zaɓi lamba ba daidai ba. Laftof masu furosesan Intel daga zubi na 11 (11th gen) sukan ƙi nuna SSD gaba ɗaya sai an kashe saitin VMD a BIOS ko an loda direban RST, manhajar Intel da ke sa a ga SSD ɗin. Siririn SSD da ake kira M.2 ma kala biyu ne, SATA da NVMe, wani ramin ɗaya kawai yake karɓa. Kuma tunda Microsoft ta daina kula da Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025 kowa 11 yake so, ita kuma tana neman TPM 2.0, wani sashen tsaro a cikin na'urar, tsofaffin na'urori da yawa ba su cika sharaɗi ba, gara in faɗa wa mutum tun kafin ya biya.

Wuta ma tana cikin lissafi, laftof mai mataccen batir ba na fara mata instolin sai a kan inbata, don in aka ɗauke ana tsakiyar rubutu sai an koma farko.

SSD jabu kam akwai shi, ba na musu, wani an rubuta 512GB alhali cikinsa bai kai ba. Amma ba na yanke masa hukunci sai na gama da filas da RAM da zafi, sannan in sa shi a kwamfutar shago in duba lafiyarsa da manhajar CrystalDiskInfo in cika shi da manhajar H2testw in ga ainihin girmansa. Na ɗalibin nan lafiyarsa ƙalau, da ya mayar wa mai shago da rigima kawai za a yi a banza. Tsohon hadis ɗinsa muka sa a kes mai USB, kafin la'asar ya kwashe furojet ɗinsa ya koma hostel.