Ƙannena marubuta, kar ku maimaita abin da na yi da labarin yaƙin Bama

Shekara uku na kwashe ina rubuta wani labari na zamanin yaƙin Hitila, ba na bakin daga ba, na waɗanda aka bari a gida suna jira. Mata biyu ne a Kano, ɗaya Musulma a Fagge ɗaya Kirista a Sabon Gari, duk mazajensu na cikin sojojin da Turawa suka kwasa zuwa ƙasar Bama, wato Myanmar ta yau, a runduna ta 81 da ta 82, a 1943 da 1944. Da na gama na kai ma wani dattijon malaminmu ya duba, ya riƙe shi sati biyu sannan ya ce min 'yata wannan wa'azi ne kika rubuta, matan nan ban gan su ba. Wallahi abin ya min ciwo, amma gaskiya ya faɗa.

Duk inda matan nan suka haɗu sai na cusa musu dogon jawabi a baki, wannan ta jawo aya waccan ta jawo aya, su ƙare da cewa ai duk ɗaya muke. Toh wa ke hira haka? Macen da bata san ko mijinta na raye ba, imaninta yana cikin tambayar da ke hana ta barci ne, ta shiga takaba ta yi wata huɗu da kwana goma ko ta ci gaba da jira, kuma a Malikiyya akwai maganar jiran shekara huɗu ga matar wanda ya ɓata, da rabe-raben hukunci da sai an zauna gaban malami. Nan labarin yake, a zuwanta zauren malam da sadakar da take bayarwa ran Juma'a alhali tukunyarta ba komai, ni kuwa na tsallake shi gaba ɗaya saboda ina sauri in koyar da zaman lafiya. Ku bar mutanen ku su yi addininsu yadda suke yi, mai karatu ba yaro bane zai gane.

Sai kuma ganganci da tarihi. Na sa ana ciniki da naira, alhali naira sai 1973 ta zo, lokacin fam ne da sule da sisi da taro da kwabo da anini. Na sa wani yana maganar Izala, ƙungiyar da aka kafa a 1978. Ban ma san jiragen yaƙin Ingila suna sauka a Kano ba a hanyarsu daga Takoradi ta ƙasar Ghana ta yau zuwa Maiduguri da Khartum har Masar, ban san ana ɗibar mutane aikin tilas a ma'adinan kuza na Jos tsakanin 1942 da 1944 ba, kunga ke nan ba soja kaɗai ke barin gida babu namiji ba. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo tun 1939 ta fara fitowa daga Zariya, mai ilimin boko ɗaya ya karanta jama'a su kewaye shi, ni kuma na ba matar rediyo a ɗaka kamar yau.

Amma wanda ya fi ci min rai shine kakata. Tana yarinya aka yi yaƙin nan, gida ɗaya muke, ni ina ɗaki ina ta laluben intanet ita tana tsakar gida tana jan carbi. Sau ɗaya tak ta taɓa ba ni labarin wata maƙwabciyarsu da ba Musulma ba, wai lokacin da gishiri ya yi wuya takan ƙullo ɗan kaɗan a bakin zani ta kawo ma mahaifiyar kakata, in azumi ya zo kuma bata taɓa cin komai a gabansu ba. Na ce to Kaka anjima zan dawo ki ƙarasa min, ban rubuta ba ban ɗauka a waya ba. Ta rasu kafin in dawo kan maganar, Allah ya jiƙanta.

Don Allah in akwai tsoho a gidanku ku je yau, ku tafi da goro ku kunna rikoda ku yi shiru, ku tambaye shi me suka ci, wa ya ranta musu hatsi, wa ya zauna da su ranar da saƙon mutuwa ya iso. Ni yanzu na koma farko da labarin, na yage jawaban duka, babi na ɗaya da ƙullin gishirin nan ya fara, kuma har yau ko sunan matar ban sani ba.