Bangon madubin da ya cinye mana hotunan biki a Haidarabad

Duk wanda ya ce mini zai yi biki irin na fim ɗin Indiya, kafin in tambaye shi launin kayan amarya sai na tambaye shi wa zai kunna fitila, kuma yaushe za a gwada ta. Ba don tsurku ba. Abin da ya same mu ne har yau bai bar ci mini rai ba.

A Haidarabad ta Indiya na yi karatu, kuma amaryar ƙawata ce da muka zauna ɗaki ɗaya, 'yar tsohon gari, can wajen Charminar, tsohon ginin nan mai hasumiya huɗu. Ana sa rana ta ce ita fa bikinta na Mughal-e-Azam za a yi, fim ɗin K. Asif na 1960. Ammi, mahaifiyarta, ta danƙa mini kwalliyar ɗakin taro, wai ta lura wannan Bakanuwar ta fi 'ya'yanta sanin fim ɗin. Mu da muka tashi kan fim ɗin Indiya tun zamanin kaset, ina abin mamaki?

Manja, ranar da ake shafa wa amarya kurkur, da sanchak, ranar da dangin ango suke kawo wa amarya kaya, da daren lalle duk sun wuce lafiya lau. Awarwaro muka kwaso a kasuwar Laad Bazaar, biryani da kayan zaƙin nan qubani ka meetha kuwa ba a koya wa mutanen garin nan. Tangarɗa ɗaya aka samu tun da wuri, daga wajen Nani, kakar amarya. Tana jin za a buga sunan Salim da Anarkali, masoyan cikin fim ɗin, a jikin kati ta ɗaga hannu ta ce, "Nakko!", wato a'a. Ta ce mu yara ba mu da tunani, labarin da aka ƙare shi da raba masoya shi za mu liƙa wa auren jikarta? Gaskiya ta faɗa. Aka cire sunayen, amarya ta haƙura da shigar Anarkali ta koma khada dupatta, shigar amaren garin, irin ta iyayenta. Abin da ya rage na fim ɗin shi ne Sheesh Mahal, zauren madubin da jarumar fim ɗin, Madhubala, ta yi rawa a cikinsa, kuma a kansa ne muka zuba kuɗin.

Mai kwalliyar da muka ɗauka ya nuna mana hotunan aikinsa a waya: ƙananan madubai an manna su a jikin katako, bango uku har da rufi, ga shi yana ɗaukar ido. Dukkan hotunan da rana aka ɗauke su. Ya karɓi kafin alƙalami fiye da rabin kuɗin. Na ce ina so a kafa ko bango ɗaya ne a kunna fitilu da dare mu gani. Ya yi murmushi ya ce, "Ho jayega, madam." Duk abin da ka tambaye shi amsar ke nan, komai zai yi daidai. Ga shi lokacin bukukuwa ne, akwai wani aure a ɗakin taron daren jajibere, sai bayan azahar ranar ɗaurin aure aka ba mu wuri. Guduma ba ta tsaya ba sai da baƙi suka fara shigowa.

Da aka zaunar da amarya a kan dandamali, mai kwalliya ya kunna fitilunsa farare tas, masu bidiyo biyu suka ƙara nasu daga gaba, mata suka ɗaga wayoyi. Wallahi sai ka ce an sa mu cikin faranti a tsakar rana. Kowane madubi ya maido da haske cikin idon mutane. Ina tsaye gefenta ina ganin hawaye na bin kumatunta da kwalli, tana matse ido, zaren zinariyar gyalenta shi ma yana walwali. 'Yan uwa suna ta "Allah sarki, kukan rabuwa da gida", ni kuwa na san fitila ce. Na share mata hawaye da hankici sau ba adadi, kwalliyar da aka yi awanni ana yi ta dame.

Hotuna kuwa, innalillahi. Kyamara tana auna hasken da ya fi yawa ne, to bangon ya rinjaye ta, sai fuskar amarya ta fito duhu, bayanta fararen ɗigo-ɗigo. Wanda ya fi ƙona mini rai shi ne na arsi mushaf, lokacin da ake lulluɓe ango da amarya, a ajiye Alƙur'ani da madubi tsakaninsu su ga juna a ciki. Shi ne hoton da kowace amarya a can take ajiyewa, kuma ba a maimaita shi. Namu ba ka gane kowa.

Wani kawun ango, dattijo da ya taɓa sana'ar hoto, shi ya cece mu a ƙarshe. Ya sa aka kashe fitilun gaba, ya karɓi fararen gyale daga hannun mata aka riƙe a gefe, aka juya fitilun kan gyalen maimakon kan bango. Nan take wurin ya yi laushi, madubai suka koma ƙyalli mai daɗin kallo. Amma an riga an wuce inda ake so.

Shi ne ya ba ni labarin da daga baya na karanta na tabbatar. Ashe Asif kansa ya sha wannan wahalar. Kusan shekara biyu aka yi ana gina zauren fim ɗin a Mumbai da gilashin Beljiyam, da aka kunna fitilun ɗaukar fim sai haske ya hana aiki. Sai da aka shafe madubai da ɗan siririn kakin zuma, mai kyamara R. D. Mathur kuma ya riƙa jefa haske kan yadi yana dawowa. Asalin zauren da suka kwaikwaya, na cikin ganuwar Lahor da aka gina zamanin Shah Jahan, don hasken kyandir da fitilar mai aka yi shi. Mu kuwa muka ɗauko abin da ya ba ƙwararru ciwon kai, muka ce a haɗa mana shi tsakanin azahar da isha'i.

Don haka wanda ya nace sai ya yi, ya haɗa mai kwalliya da mai hoto a zama ɗaya tun kafin kuɗi su fita, kowa ya ji abin da ɗan uwansa zai kawo. Ya rubuta a takarda cewa ba ciko sai an gwada da dare, ko a shagon mai kwalliyar ne, da mutum zaune a gaba ana ɗaukarsa. Ya nemi hotunan aikin da aka ɗauka da dare, ba na rana ba. Bango ɗaya ya isa, a bar rufi. Fitila kuma mai ruwan ɗorawa, kada ta kalli madubi kai tsaye.

Washegarin bikin da sassafe mai kwalliyar ya aiko yaronsa karɓar ciko, har da ƙarin kuɗin madubai da suka fashe wajen kwancewa. Na ce Ammi kada ta ba shi ko sisi sai ya zo ya kalli hotunan da idonsa. Ta ce ba ta son rigima ga walima a gaba, ta ƙirga ta ba shi. Da ni ce, da har yau yana zarya.