Abin da na koya daga wayar da aka sace mini a Gujungu

A ƙarshen watan nan zan miƙa makullan ofishin ƙungiyarmu ta manoman shinkafa da ke yankin Auyo, bayan shekara bakwai ina riƙe da rajista, kuma ban ga ya dace in tafi ba tare da na faɗi abin da ya fi ci mini rai a wannan aiki ba.

Lokacin da na kama aiki, kwamfutar tebur ɗaya ce a ofishin, mai ɗauke da Windows 7, wadda ba ta tashi sai an tayar da janareta, domin wutar lantarki baƙuwa ce a wajenmu. Ni kuwa na riga na gamsu cewa zamaninta ya wuce, kuma ina da hujja. Tun a watan Maris na 2017 alƙaluman kamfanin ƙididdiga na StatCounter suka nuna Android, babbar manhajar waya, ta zarce Windows wajen shiga intanet a duniya, Microsoft ya sanar zai daina kula da Windows 7 a Janairun 2020, sannan a ƙauyukanmu manomin da bai taɓa ɗora yatsa kan kwamfuta ba yana riƙe da Tecno ko itel yana aika saƙon murya ta WhatsApp. Don haka na mayar da sabuwar rajista cikin wayata: sunayen mambobi, buhunan takin da kowa ya karɓa, da bashin da ke kan kowa. A bakin gona nake rubutawa, ɗan faifan sola kuma ya ishe ni caji.

Ranar wata kasuwar Gujungu aka zare wayar daga aljihuna. Manhajar da nake amfani da ita a cikin wayar kaɗai take ajiya, ban kuma kunna ajiyar intanet ba saboda tsadar data, ke nan rubutun damina guda ya tafi. Mako uku na yi ina bin gida-gida ina tambayar mutane abin da ake bin su. Wani dattijo ya dube ni ya ce, “Ɗana, buhu biyu na karɓa, amma in kun rubuta uku, ni ba ni da ta cewa.” Har yau maganar nan ba ta bar kunnena ba. Laifin nawa ne, na amsa shi. Abin da na kasa haɗiyewa shi ne, sau biyu na roƙi shugabanmu kuɗin data da na ma'ajiyar bayanai ta waje ya ce babu, amma a gaban taro ya ce na mayar da amanar jama'a wasan yara, aka kuma yanki albashina.

Bayan ƙura ta lafa na gane inda tunanina ya karkace. Na ɗauka waya ta kori kwamfuta ne, alhali gaban gida kawai ta karɓe. Ita kanta Android, wadda Google ya saya a 2005, an gina ta ne a kan ƙashin bayan Linux, babbar manhajar kwamfuta da Linus Torvalds ya fara a 1991, kuma wannan Linux ɗin ce ke tafiyar da galibin uwar garke, wato manyan kwamfutocin ajiyar bayanai da intanet ke tsaye a kansu. Waya ƙwarya ce da ake ɗiba da ita, uwar garke kuwa ita ce rumbu, ni kuma na zuba hatsin shekara a ƙwarya na shiga kasuwa da shi. Kowa ya ga wannan a farkon 2023 lokacin ƙarancin takardun naira, sa'ad da wayoyi ke hannu lafiya lau amma kuɗi suka riƙa maƙalewa, saboda na'urorin bankuna sun kasa ɗaukar cunkoson. Manhajojin waya ma suna mutuwa: Symbian ta Nokia ta tafi, Windows Phone ta bi ta, tsohuwar manhajar BlackBerry aka rufe hidimarta a Janairun 2022.

A ganina waya za ta ci gaba da cinye ƙananan ayyukan yau da kullum, uwar garke za ta ƙara girma a bayan fage, kwamfutar tebur kuma za ta koma hannun masu dogon rubutu da lissafi. Amma ba ta mutu ba, domin tun 2015 da kwamfuta ake zana jarrabawar JAMB, kuma na ga yaranmu masu saurin yatsa a waya suna rawar hannu a gaban allon rubutu da linzami.

Sauran darussan gajeru ne. Duk buƙatar da za a kai wa shugaba a kai ta a rubuce, a kuma guji manhajar da ba ta barin a fitar da fayil daga cikinta.

Wanda zai gaje ni zai tarar da rajistar a wuri uku, a waya, a intanet, da kuma cikin tsohuwar kwamfutar nan da na sa wa Linux da hannuna, ana juyawa kowace Juma'a. Tun daga wancan lokaci ba a ƙara rasa sunan manomi ko ɗaya ba, kuma kuɗin datar daga aljihuna yake fita.