Zamanmu a Gaɓar Bahar Maliya, Inda Ake Ƙirga Ruwa da Jarka

Kakana ya baro ƙasar Haɗeja a ƙafa da niyyar aikin hajji, ya yi shekaru a hanya yana ƙwadago daga gari zuwa gari, har ya iso Sawakin a ƙasar Sudan, inda a lokacin ake shiga jirgin ruwa zuwa Jidda. Da ya sauke farali ya dawo, sai ya tarar ana neman ma'aikata a sabuwar tashar jiragen ruwa da Turawan Ingila suka fara ginawa a 1905, wato Fot Sudan, ya yada zango a nan bai ƙara gaba ba. A garin aka haifi mahaifina, a nan aka haife ni, kuma ko da yake na tashi ina shaƙar iskar teku, ban san abin da ake kira zaman gaɓa ba sai da na haura shekara talatin da haihuwa.

Yaƙin da ya ɓarke a Hartum a watan Afrilun 2023 shi ya fitar da mu daga gari, ko da yake a lokacin ba a yi harbi ko ɗaya a unguwarmu ba. 'Yan'uwa ne suka yi ta kwararowa, na farko daga Hartum, sannan daga birnin Madani bayan ya faɗa hannun mayaƙa a ƙarshen shekarar, har gidanmu mai ɗaki uku ya ɗauki mutum fiye da ashirin, kuɗin haya a gari kuwa ya fi ƙarfin talaka. Maigidana ya daɗe yana sayen kifi a hannun masunta na wani ƙaramin ƙauye da ke arewa, a yankin Muhammad Kol, yana kawowa kasuwar birni cikin ƙanƙara, kuma yana da rumfar katako a can inda yake kwana idan dare ya yi masa. A farkon 2024 muka bar wa baƙi gidan, muka tattara yara huɗu da surukata muka koma wannan rumfa. Babu wayar lantarki da ta isa ƙauyen, babu famfo, babu kasuwa sai kanti guda. Gabas teku ne shuɗi har iyakar gani, yamma fili ne na tsakuwa da 'yan itatuwan ƙaya, can nesa kuma duwatsun Bahar Maliya sun tsaya jajur.

Kafin mu taso, hankalina duk yana kan wuta. Na sayar da awarwarona na zinariya muka sayi farantan sola biyu da batura biyu da ƙaramin firji, ina ganin idan akwai haske da ruwan sanyi sauran al'amura masu sauƙi ne. Ban zauna na yi lissafin ruwa ba ko sau ɗaya, domin a birni, ko da famfo ya ɗauke, mai jaki yana wucewa ta ƙofar gida da gangarsa.

A satin farko na yi wankin kayan mutum bakwai da ruwan daɗi kamar yadda na saba, na ɗauraye sau biyu, na watsar da ruwan a ƙasa ina kallo yashi ya shanye. Surukata tana zaune a inuwa tana kallona ba ta ce uffan ba, sai da na gama shanya ta kira ni ta ce, "'Yar nan, je ki leƙa duro ki dawo ki gaya mini abin da jikokina za su sha jibi." Na leƙa, gabana ya faɗi. Tankar da ke kawo ruwa ba za ta dawo ba sai bayan kwana biyar, abin da ya rage kuwa bai kai jarka uku ba. Na ce, "Inna, na yi kuskure." Ta ce kuskuren da aka gani da wuri da sauƙi. Kafin magariba wata dattijuwa maƙwabciyarmu, 'yar ƙabilar Beja, wadda ban taɓa yi wa magana ba sai gaisuwa, ta aiko jikanta da rabin jarka a kafaɗa. Ta hango shanyar daga nesa, ta san abin da ya faru, ba ta jira a roƙe ta ba. Na karɓa da kunya mai yawa, domin na san ba rara ta ba ni ba, daga bakin 'ya'yanta ta rage.

Ita ce ta zama malamata. Ta nuna mini cewa ruwa iri uku ne a wurin, kuma kowanne da aikinsa. Ruwan tanka na sha ne da girki da wankan jariri kaɗai. Ruwan rijiya, wanda maza ke ɗaukowa a kan raƙuma daga bakin wani busasshen kwari, yana da zartsi, bai shayuwa sai ga dabbobi, amma yana yin wanki da wanka. Na uku shi ne teku, wanda ba ya ƙarewa. Gishirin Bahar Maliya ya fi na yawancin tekunan duniya, kusan giram 40 a kowace lita, saboda babu wani kogi mai gudu duk shekara da ke zuba a cikinsa, rana kuma tana ta ƙafar da shi. Sabulu ba ya kumfa a cikinsa, tufafin da aka bari suka bushe da shi kuma sukan yi tauri su ci fata. Saboda haka a teku ake fara fitar da datti, a matse sosai, sannan a ɗauraye sau ɗaya da ruwan rijiya kaɗan. Tukwane da kwanuka ana goge su da yashi da ruwan teku, kofi biyu na ruwan daɗi su isa ɗaurayar kayan abincin dare gaba ɗaya. Ruwan da aka wanke shinkafa na awaki ne, wanda aka yi wanka da shi a cikin baho kuma ana zuba shi a gindin itacen da muka dasa a bakin ƙofa.

Jarkarmu lita 20 take ci. Na kafa ƙa'ida cewa jarka uku ta ruwan daɗi za ta kai mu yini, mu bakwai, kuma na riƙa yin zane da gawayi a jikin katako duk wadda aka buɗe. Randa biyu muka kafa a kan ƙafar ƙarfe a inda iskar arewa ke ratsawa, muka naɗe su da tsumman buhu, muka ajiye kwano a ƙarƙashi don kada ɗigon da ke tsattsafowa ya tafi a banza. Game da alwala na yi ta damuwa da farko, har limamin ƙauyen ya tuna mana hadisin masu tafiya a jirgin ruwa da suka tambayi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cewa suna ɗaukar ruwa kaɗan, idan suka yi alwala da shi ƙishirwa za ta kama su, aka amsa musu cewa ruwan teku mai tsarkakewa ne kuma mushensa halal ne. Na karanta wannan hadisi tun ina yarinya a makarantar allo, amma ban san nauyinsa ba sai ranar da na cika buta a bakin gaɓa.

Sola da na dogara da ita ta yi mana amfani, sai dai ba yadda na zata ba. Iskar teku tana ɗora wa gilashin wani farin danshi mai gishiri, ƙura ta zo ta manne a kai, cikin kwana uku ƙarfinsa ya ragu, don haka babban ɗana ke goge shi da jiƙaƙƙen tsumma kowace asuba kafin ya yi zafi. Kan batura yana tsatsa da sauri idan ba a shafa masa man giris ba. Firjin ne ya kashe mana su cikin wata biyar, domin yana zuƙe su ƙarƙaf kowane dare, ga zafin ɗakin kwano da muka ajiye su a ciki, kuma wanda ya sayar mana bai faɗa mana cewa irin waɗannan batura ba a barin su sauka ƙasa da rabi ba. Da muka sake saye, sai muka haƙura da firji, muka haƙa rami mai rufi a inuwa muka sa su, muka taƙaita amfaninsu ga ƙwai uku na haske da fanka ɗaya da cajin waya. Cajin nan ma ya zama hanyar rama alheri, domin matan maƙwabta sukan kawo wayoyinsu da hantsi, ni kuwa ban taɓa karɓar ko kwabo ba. Kifin da ba a tafi da shi birni ba muna tsaga shi mu barbaɗa gishiri mu shanya a igiya, ya yi watanni bai lalace ba.

Babban kuskurenmu shi ne zama a gaɓa lokacin zafi na farko. Daga Yuni zuwa Satumba zafin yana wuce digiri 40, kuma ba busasshen zafi ba ne irin na cikin ƙasa, iska ce mai nauyi da danshi wadda gumi ba ya bushewa a cikinta. Mun ga maƙwabta da yawa sun kwashe tabarmin kaba na bukkokinsu sun ɗora wa raƙuma sun nufi duwatsu, muka ɗauka al'ada ce kawai ta makiyaya. A watan Yuli autana, mai shekara biyu, ya kamu da gudawa, kafin yamma idanunsa suka faɗa, kukansa babu hawaye. Maigida yana birni da kaya, asibiti mafi kusa kuma tafiyar sa'o'i ce, ga babu mota. Na tafasa lita ɗaya ta ruwa, na zuba ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri, na zauna da shi a cinyata ina ɗura masa cokali-cokali har asuba, Inna tana yi masa fifita tana addu'a. Wani masunci ne ya hau tudun da ake samun layin waya ya kira maigida, shi kuma ya zo da mota da hantsi. Yaron ya tashi da ikon Allah. Tun daga ranar ba na barin gidana babu ƙunshin gishiri da sukari na asibiti, kuma zafin da ya biyo baya a Sinkat muka yi shi, can kan duwatsu, inda mutanen Fot Sudan suka daɗe suna gudun zafi.

A ƙarshen watan Agustan 2024 madatsar ruwa ta Arba'at, wadda ita ce babbar hanyar ruwan Fot Sudan, ta fashe bayan ruwan sama mai yawa a kan duwatsu, ta tafi da ƙauyuka da rayuka. Mu da muke ganin mun yi nisa da birni sai muka gane igiyarmu a can take ɗaure, domin da birni ya shiga ƙishirwa sai tanka ta daina zuwa a kan lokaci, kuɗin jarka kuma ya yi tashin gwauron zabi. A makonnin nan na ga yadda mutanen wurin suke riƙe juna. Beja suna da al'adar da suke kira sakanab, wato idan mutum biyu suka haɗu sai sun zauna sun ba juna labarin hanya dalla-dalla, ina aka yi ruwa, wace rijiya ta ƙafe, wa ke ciwo, nawa ake sayar da dawa. Da na fara zuwa ina ganin doguwar gaisuwa ce kurum, har ta fi tamu ta Hausawa tsawo. A lokacin ƙarancin nan ta wannan hanya aka san cewa ambaliya ta cika wata rijiya mai daɗi a gindin dutse, dattawa suka zauna a kan tabarma da tukunyar jabana, gahawarsu mai citta, suka raba kwanakin ɗiba gida-gida. An sa gidanmu a cikin rabon ba tare da mun nema ba, alhali ba mu da raƙumi kuma ba mu da asali a ƙasar. Maigida ya biya da abin da yake da shi, wato wuri a bayan motarsa ga duk mai mara lafiya ko mai saƙo zuwa birni.

Yara sun fi mu saurin sabawa. Suna zuwa karatun allo wurin liman, suna haɗa tawada da baƙin tukunya da ƙaro, da daddare kuma ni nake koya musu lissafi da rubutun boko a ƙarƙashin ƙwan sola. Sun san sunayen kifaye da Larabci, najil da shu'ur da bayad, suna tsintar kalmomin Beja, har na fara tsoron kada Hausa ta kuɓuce musu, shi ya sa Inna ta ɗauki nauyin tatsuniya kowane dare. Babban ɗana ya taɓa dawowa daga kwale-kwale yana rawar jiki, wai ya ga wata dabba mai kama da ayu tana kiwo a ciyawar ƙarƙashin ruwa. Irinta na cikin abubuwan da suka sa aka keɓe mashigin Dungunab da ke kusa da mu, har UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa shi cikin wuraren gadon duniya a 2016. Abin da nake jin zafinsa shi ne karatun babbar 'yata, wadda ta isa shiga makarantar gaba da firamare, kuma a kan wannan har yanzu ni da mahaifinta ba mu daidaita ba, ko a kai ta wurin ƙanwata a birni ko a jira.

Ruwan saman gaɓar nan ba da damina yake zuwa ba, da sanyi yake zuwa, tsakanin Nuwamba da Janairu, kuma wata shekarar sau biyu ko uku ne kacal. A shekararmu ta farko muna kallo ya zuba daga kan kwano ya nutse a yashi. Da muka sauko daga Sinkat sai maigida ya sa indararo a bakin rufin, ya gina ƙaramin kwatami na siminti mai murfi, muka zauna jira. Hadarin ya taso daga teku wani dare a ƙarshen Nuwamba. Na tashi yara, muka bar ruwan farko ya wanke gishiri da ƙura da kashin tsuntsaye daga rufin, sannan muka juya indararon zuwa kwatami, muka jera kowane baho da tukunya a tsakar gida. Bai kai sa'a guda ba ya ɗauke. Da gari ya waye na auna, jarka goma sha ɗaya muka samu, na cika ta farko har baki na ɗora wa ɗana a kafaɗa ya kai gidan dattijuwar nan.