Mun je neman beyar, mun dawo da labarin tururuwa

Tun zuwana Amurka duk shekara sai abokan aiki sun ishe ni da zancen sifirin, wato spring, lokacin da ke biyo bayan sanyi, sifirin ya kusa, sifirin ya shigo, kamar wani baƙo da ake jira a tasha. Ni kuwa abinda na sani game da shi a Atlanta shi ne atishawa da jan ido da wata ƙura mai ruwan ɗorawa da itatuwa ke zubarwa tun ƙarshen Maris, ka wanke mota da safe kafin azahar ta koma kamar an barbaɗa mata gari. Har yau ma ban samu kalmar da zan faɗa wa Hajiya ta gane ba. Masu fassara suna cewa bazara, to amma ai bazarar da muka sani ita ce ta Afrilun Kano wadda ruwan randa ma sai ya yi ɗumi, mutum ya kwana tsakar gida yana fifita da kwali. Wannan kuwa sanyi ne ke janye jiki a hankali, itatuwan da suka yi wata huɗu tsirara su fara toho. In dai dole sai an kwatanta to ya fi kama da satin nan na bayan ruwan shuka, lokacin da ka fita bayan gari ka ga ƙasa ta fara kore ba ka san yaushe ba.

Bayan ƙaramar sallah yara suka samu hutun sati ɗaya, uwargida ta ce wallahi bana ba za ta yarda hutun ya ƙare a kantin sayayya da gidajen mutane ba, mu da ziyara kamar an yi mana wahayi. Shi ne muka ɗauki hanyar gandun dajin Great Smoky Mountains, duwatsun da ke kan iyakar jihar Tennessee da North Carolina. Tafiyar awa uku da wani abu ce daga gidanmu. Babban yaron abu ɗaya ne a kansa, beyar, ƙatuwar dabbar dajin nan mai gashi da Turawa ke ce wa bear, tun a mota yake lissafin cewa akwai baƙaƙen beyar fiye da 1,500 a dajin saboda haka dole mu ga ko guda. Ni ma kar in yi ƙarya, hoton da zan sa a sitatus nake tunani.

Ta garin Cherokee muka shiga. Abinda ya fara ɗaukar idona allunan titi ne, a ƙarƙashin Turanci akwai wani rubutu daban, ba boko ba ba ajami ba, ashe rubutun ƙabilar Cherokee ne, su ne asalin masu wannan ƙasa. A 1838 gwamnati ta tattara mafi yawansu da bakin bindiga aka kora su yamma can Oklahoma, dubbai suka mutu a hanya, waɗanda ke garin yanzu jikokin waɗanda suka samu suka tsaya ne, wasu ma a cikin duwatsun nan suka ɓuya. Shiga gandun kyauta ne, ba ƙofa ba mai karɓar kuɗi, sai dai tun 2023 in za ka ajiye mota fiye da minti 15 sai ka sayi takardar fakin, dala 5 a rana. Wannan kyautar tana cikin abinda ya sa ya fi kowane babban gandun daji na ƙasar samun baƙi, sama da mutum miliyan 12 a 2024, kuma wlh za ka ji su a jikinka in ka makara da safe.

A ofishin baƙi na Oconaluftee muka tsaya, sai ga wasu ƙattin dabbobi a fili suna kiwo hankali kwance, elk ake ce musu, dangin barewa ne amma girmansu ya kusa na doki. Yaron ya ce Abba ina ƙahon, a hoto suna da ƙaho kamar reshen itace. Ma'aikaciyar dajin ta ce ai duk shekara wajen Maris mazan suke zubar da ƙahon su sake sabo, shi ya sa muke ganin ɗan guntu mai laushi. Ta ce da can an farauce su sun ƙare ƙaf a yankin, sai a 2001 aka sake kawo su. A nan aka ba yaran wani ɗan littafi na ƙananan masu gadin daji, akwai ayyuka a ciki, ka nemo ganye iri kaza, ka zauna shiru ka rubuta sautin da ka ji, ka tsinci shara, in ka gama su rantsar da kai su ba ka baji. Na ɗauka wasa ne. Littafin nan shi ya hana su tambayar waya kwana biyu, don dama ba sabis a yawancin dajin.

Hanyar da ta ratsa gandun daga Cherokee zuwa garin Gatlinburg ita ce ta fara koya min mene ne sifirin ɗin. A ƙasa komai kore shar. Muna hawa koren yana raguwa, sai ganye ƙanana kamar kunnen ɓera, gaba kaɗan sai toho ja-ja bai ma buɗe ba, kafin mu kai Newfound Gap, wajen mita 1,500, itatuwa tsirara suke kamar Janairu. Wato shi sifirin ɗin hawa dutsen yake yi da ƙafa, a hankali, mu kuma a mota mun wuce shi mun koma cikin sanyin da muka baro a baya. Daga nan muka karkata zuwa ƙololuwar da ta fi ko'ina tsawo a gandun, mita 2,025. Da sunanta Clingmans Dome, sunan wani ɗan siyasa kuma janar na ɓangaren kudu a yaƙin basasarsu, a 2024 aka mayar mata da sunanta na Cherokee, Kuwohi. Chappal Waddi namu na Taraba ya fi ta tsawo, na faɗa wa yara har sau biyu, ba wanda ya kula ni.

Nan fa muka sha kunya. Mun baro ƙasa da rana mai daɗi, ni da 'yar shat da silifas mai maɗauri, muna buɗe ƙofar mota iska ta mare mu, ga hazo ya rufe ko'ina, Turawa kowa da jaket da hula suna kallonmu da tausayi. Hanyar zuwa hasumiyar kallo rabin mil ce kacal kuma da kwalta, amma a miƙe take kamar tsani, ni da nake taƙama na hau Dala da Goron Dutse ina yaro sai da na zauna a benci sau uku. Uwargida ta naɗe auta da mayafinta ta goya ta. Muka kai sama ba mu ga komai ba sai fari fat. Abinda na gani da kyau kawai busassun itatuwa ne tsaye farare kamar ƙasusuwa, wani ɗan ƙaramin ƙwaro da ya shigo daga Turai ne ya kashe su. Sai da muka fara saukowa hazon ya yage muka ga duwatsu jere bayan jere, shuɗi a kan shuɗi, da wannan hayaƙi-hayaƙin da ya ba wurin suna, wanda ba wuta ba ce, tururi ne da itatuwan da kansu ke fitarwa ya haɗu da laimar iska.

Alwalar la'asar da ruwan rafi na yi. Ba zan ƙara cewa komai a kai ba.

Washegari da sassafe muka tafi wata hanyar ƙafa da ake kira Porters Creek a ɓangaren Greenbrier, don an ce a farkon Afrilu nan ne wajen furanni. Ni dai na shiga da sauri na, ido a sama ina leƙen bayan itatuwa ko beyar zai fito, ina ce musu ku yi sauri mana. Sai muka tarar da wata tsohuwa Baturiya, za ta yi saba'in da wani abu, ta durƙusa a gefen hanya gwiwa biyu a ƙasa da ɗan gilashin ƙara girma a rataye a wuya. Na ɗauka faɗuwa ta yi har na matsa zan taimaka. Ashe fure take kallo. Auta da ba ta da baƙo ta je ta durƙusa kusa da ita, shikenan tafiyarmu ta tsaya, mun fi minti arba'in a wurin da bai fi tabarma uku ba.

Furen da take kallo tiriliyam sunansa, komai nasa uku ne, ganye uku, fatar fure uku, fari tas. Ta tambayi yaran me ya sa duk waɗannan ƙananan furanni suke fitowa yanzu ba a tsakiyar zafi ba. Suka yi shiru, ni ma na yi shiru. Ta ce ku ɗaga kai. Muka ɗaga, manyan itatuwan nan ba su gama yin ganye ba, rana na sauka har ƙasa. Ta ce nan da 'yan makonni sama za ta rufe ruf, ƙasan dajin ya koma inuwa har kaka, saboda haka waɗannan ƙananan suna da ɗan wannan tsakanin ne kawai, bayan ƙasa ta yi ɗumi kafin manya su tare haske, a ciki za su fito su yi fure ƙudan zuma su zo su yi iri su tara abinci a saiwa, wasunsu ma ganyen gaba ɗaya yake bushewa ya ɓace, in ka dawo a Yuli ba za ka san an taɓa yin wani abu a wurin ba. Ni sai na tuna yadda Baba ke hana shuka gero a ƙarƙashin inuwar mangwaro amma ya bari a ƙarƙashin gawo, don gawo da damina yake zubar da ganye ya bar wa shuka rana. Lissafin ɗaya ne, wa ya samu haske kuma yaushe.

Amma zancen tururuwa ne ya kashe ni. Ta ce irin tiriliyam yana zuwa da wani ɗan ƙullutu mai maiƙo a jikinsa, tururuwa na son shi, sai su ja irin gaba ɗaya zuwa raminsu su ciyar da 'ya'yansu maiƙon su yar da ƙwayar a jujinsu na ƙarƙashin ƙasa, wato sun shuka shi kenan a wuri mai taki. Daga nan kuma sai ya yi shekaru, har bakwai ko fiye, kafin ya yi furen farko. Na kalli wanda ke gaban takalmina na ga ai zai iya girmar auta. Ni da na kusa taka shi ina neman beyar. Shi ya sa doka ta hana tsinkar ko da fure ɗaya a gandun, kuma yanzu na gane ba tsabar son doka irin na Bature ba ne kawai.

Gaba kaɗan hanya ta buɗe sai ga ƙasa ta yi fari kamar an shanya auduga, wasu 'yan mitsi-mitsin furanni ne dubbai masu baki kamar an yi musu yankan almakashi. An ce ire-iren tsirrai masu fure a gandun sun haura 1,500. Tsohuwar ta ce tun 1951 ake wani taron shekara-shekara a Gatlinburg na masu zuwa kallon furannin sifirin, kwanaki ana fita rukuni-rukuni da malaman jami'a da masana, wasu furanni wasu tsuntsaye wasu ƙwari, kowa na iya rajista. Akwai kuma wata cibiya a cikin dajin, Tremont, inda ɗaliban makaranta ke kwana su yi karatu a waje. Na yi shiru ina tunanin Yankari da Falgore da sau nawa makarantarmu ta taɓa kai mu, amma wannan zancen wata rana ne.

A bakin wani ɗan rafi yaron ya hango wani abu a kan jiƙaƙƙen gansakuka ya yi ihu Abba ƙadangare. Ba ƙadangare ba ne, salamanda ce, siffar ƙadangare amma dangin kwaɗo, jiki sumul mai sheƙi tsawon ɗan yatsa. Iri wajen 30 ne a duwatsun nan, kuma yawancinsu ba su da huhu sam, ta fata suke numfashi, shi ya sa dole jikinsu ya zauna a jiƙe kuma ba a so a ɗauke su da hannu, balle hannun da ya sha man shafawa irin namu. Ya kwanta rub da ciki ya zana ta a littafinsa, zanen ya fi kama da kifi mai ƙafa amma an karɓa an ba shi baji.

Abincin rana dafa-duka ce da dambun naman da uwargida ta yi, kuma ta ƙi sakin jiki ko kaɗan, tana ci tana waige, wai in dai beyar na da hanci kamar yadda ake faɗa to ƙamshin dambun nan ya riga ya kai masa. Da gaskiyarta, shi ya sa kwandunan sharar wurin na ƙarfe ne masu wani irin makulli da sai ka zura hannu, kuma doka ce kar ka matsa kusa da beyar ko elk ƙasa da yadi 50. Beyar ɗin da ya saba da abincin mutane ƙarshensa yawanci kashe shi ake yi. Mun dai gan shi daga ƙarshe, in za a kira wannan gani, a hanyar komawa motoci suka tsaya cak kowa ya fito da waya, can cikin itatuwa wani baƙin abu ya juya mana baya ya shige. Hoton da na ɗauka ko ni ban san me ke ciki ba.

Da muka samu sabis a Gatlinburg na kira Hajiya a WhatsApp, auta ta ƙwace wayar tana nuna mata hotunan furanni ɗaya bayan ɗaya tana faɗin sunayensu da Turanci. Hajiya ta ce to kishiya, duk na gani, wannan mai ganye ukun maganin mene ne? Auta ta juyo ta kalle ni. Hajiya da ba itacen da za ka nuna mata tsakanin ƙauyenmu da bakin kogi ba ta gaya maka sunansa da amfaninsa ba, marke, sabara, kalgo, tsada, ta ce ai ba a sanin tsiro sai an san aikinsa, ku koma ku tambayi tsohuwar. Na ce Hajiya ai ba mu karɓi lambarta ba. Ta ce kai dama haka kake.

Yaran sun riga sun sa ni alƙawarin shiga ƙuri'ar Elkmont, wani wuri a cikin gandun da ƙwarin nan masu walƙiya da dare ke taruwa wajen ƙarshen Mayu zuwa farkon Yuni, dubbai, su kunna tare su kashe tare, mutane sun yi yawa har sai da aka koma ba da izinin shiga da mota ta ƙuri'a. Uwargida ta ce ko mun ci ko ba mu ci ba jaket ɗin kowa zai zauna a but ɗin mota, kuma silifas ɗina ba zai sake shiga motar ba.