Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Uwar Kuɗi

Makon jiya na tsaya a inda na ajiye alli na dawo gida jiran kuɗin sallama. Shekarun da suka biyo baya babu abin faɗi a cikinsu, renon jikoki ne da zuwa biki. Sai a 2022 na sayar da tumakina, na aika Wurno aka sawo mani tafarnuwa, na shiga ɓara, in shanya, in kai niƙa, in ƙulla a leda. Ni kaɗai, don Malam ya ce warin ma ya ishe shi, balle a ƙaro masa 'yan aiki.

A shekarar ne autata ta cike mani fom ɗin NOUN, jami'ar karatu daga gida, a waya, karatun dabarun kafa sana'a. Da labari ya kai wa matar Yaya, a gidan suna, gaban mutane, ta ce, "Boko da hurhura? Mi za su koya mata, daka?" Ban tanka ba. Na rubuta a nan ne don ta san maganar ta iso.

Darasin da ya fara kama ni shi ne a raba kuɗin sana'a da na gida, mai sana'a ta yanka wa kanta albashi. Dariya na yi, don Inna, Allah ya jiƙanta, da ba ta taɓa riƙe biro ba, gwangwani biyu take ajiyewa a ƙarƙashin gado lokacin tana ƙuli-ƙuli. Ko gishiri ya ƙare ba ta buɗe babban. Takan ce, "Uwar kuɗi ba ta zuwa cefane, ɗiya aka aike." Muna yara muna ganin rowa ce. Da wannan rowar aka yi wa mu huɗu kayan ɗaki, har da gadon da matar Yaya ta kwana a kai da ta zo jinya.

Abin da boko ya ƙara mani lissafi ne. Tafarnuwa in ta bushe ta kan rasa fiye da rabin nauyinta, ga kuɗin mota, ga na injin niƙa, ga leda, ga wunin da na yi ina ɓara har yatsu su yi zafi. Mata da yawa ba sa saka wunin nan a kuɗin kaya, shi ya sa ake ciniki ba a ganin riba. Na kuma koyi saye da rani lokacin da ake cirewa tana araha, in adana zuwa bayan damina.

Farkon 2023 aka shiga wahalar canjin kuɗi. Manomi ba ya karɓar taransifa, masu shago a Tsohuwar Kasuwa kuma ba su da takardar kuɗi a hannu. A watan Mayu aka cire tallafin mai, kuɗin mota ya tashi. Malam ya ce, "Hajiya, taɓa na tafarnuwa mana a yi cefane." Na ba shi amsar Inna. Ya yi fushi, ya huce.

Cikin wannan matsi ne matar Yaya ta aiko yaro a ba ta ƙulli goma, wai ai na gida ne. Na ba ta, na rubuta a littafin bashi, da kwanan wata. Yana nan ba a goge ba. Mako mai zuwa zan kawo rigimar da muka yi da Malam kan sunan sana'ar da zan yi wa rajista a CAC, hukumar rajistar kamfanoni.