Digiri 12 a kan hanyar Enguri

Daren Asabar da ta wuce na miƙa duk fayilolin taswirar rukuninmu ga wanda zai gaje ni, na fita daga zaurenmu na hira a manhajar Discord. Shekara uku ke nan ina zana wa mutanenmu shafukan allon gwiwa, wato takardar hanya da matuƙi ke ɗorawa a gwiwa, na DCS World, wasan tuƙin jiragen yaƙi a kwamfuta, kusan dukkansu a taswirar Kokasus, tunda ita ce ta kyauta, ita kuma kwamfutocinmu ke iya ɗauka. Wasu sun kira ni suna tambayar dalili. Akwai hidimar gida, gaskiya ne, amma zan yi ƙarya in na ce daren Enguri ba ya ciki.

Duk mai tuƙa jirgin yaƙin F-5E ya san halinsa. Babu GPS, babu na'urar da za ta riƙe maka hanya. Kamfas ne da agogo da TACAN, na'urar da ke nuna nisa da alƙiblar wata tashar rediyo a ƙasa, shi kuwa TACAN da zarar ka yi ƙasa-ƙasa ka shiga tsakanin tsaunuka sai ya ɗauke. Abin da ya rage maka shi ne takardar da ke kan gwiwarka, kuma ni ne mai rubuta ta.

Wata biyu muna lallaɓar wani rukuni na ƙasar waje kafin su yarda mu tashi tare. Su za su share mana sama, mu huɗu kuma mu tashi daga filin jirgin Kobuleti a ƙasar Jojiya, mu bi ƙasa-ƙasa mu nufi arewa har madatsar ruwan Enguri da ke kusa da Jvari, daga nan mu karya kwana zuwa inda za mu saki bama-bamai. An zaɓi madatsar ne don ba ta ɓuya, ginin da tsayinsa ya haura mita 270 ga tafki shimfiɗe a bayansa. Zangon kusan mil 50 na teku ne. Gudun da muka tsayar mil bakwai ne a minti, wato minti bakwai da ɗan ɗoriya.

Daren Alhamis Kwamanda, shugaban rukuninmu, ya sauya hanyar gaba ɗaya. Ranar Juma'a babu wuta a unguwarmu tun safe, sai bayan sallar isha'i na tayar da janareto na zauna. Ma'aunin da ke taswirar cikin wasan, wadda maɓallin F10 ke buɗewa, na ɗauki kusurwa da shi, daga arewar taswira. Kamfas ɗin jirgi kuwa arewar maganaɗisu yake bi, kuma a yankin Kokasus tsakaninsu akwai kimanin digiri 6 ta gabas. Ƙa'idar ba ta da wuya: in bambancin na gabas ne, ragewa ake yi. A ce ma'auni ya nuna 010, abin da za ka rubuta wa matuƙi 004 ne. Ni sai na ƙara, na rubuta 016. Safiyo na karanta, na san wannan tun ina aji, sai dai a nan arewacin Najeriya bambancin ƙanƙane ne ƙwarai, hannuna bai taɓa sabawa da shi a fili ba. Ba hanzari nake kawowa ba, ina faɗin ta inda ɓarakar ta shigo ne.

Da a ce mantawa na yi ban taɓa lambar ba, da digiri 6 kawai muka kauce. Da yake juya lissafin na yi, sai ya zama 12. Matuƙa suna da ƙa'idar da suke riƙewa a ka: kuskuren digiri ɗaya a tafiyar mil 60 yana kautar da kai mil ɗaya. Digiri 12 a mil 50, mil 10 ke nan cur.

Ni ne na uku a jere. Bayan mun tsallake kogin Rioni na hango filin jirgin Senaki a damanmu, ya matso kusa fiye da yadda na zana shi. Gabana ya faɗi, amma na ce wa raina iska ce. Na biyu ya yi magana a rediyo, ya ce, "Oga, anya ba mu yi gabas da yawa ba?" Kwamanda ya ce a bi takarda. Minti bakwai ya cika, babu madatsa, babu tafki. Gajimare ya sauko ya rufe kawunan tsaunuka, muka kutsa cikin wani kwari da ba ya cikin shirinmu, inda mai tsara aikin ya girke Shilka biyu, motocin yaƙi masu bindigar kakkaɓo jirgi. Kafin mu ankara an kakkaɓo biyu. Ɗaya ya ja sama cikin gajimare ya daki dutse. Ni kaɗai na koma Kobuleti da bama-bamaina a rataye, tafin hannuna sharkaf da gumi a kan sandar tuƙi.

A zaman bita aka buɗe Tacview, manhajar da ke sake nuna hanyar da kowane jirgi ya bi, kowa yana kallon layinmu yana karkacewa tun daga ƙarshen titin tashi. Baƙin nan suna ji Kwamanda ya ce mai taswirarmu ne ya kashe mu, ya kira sunana sau biyu, ya ƙara da cewa daga yau sai an riƙa sa mini ido. Na ce, "Ranka ya daɗe, kuskurena ne, na ɗauka." Har gobe ina kan wannan magana.

Abin da bai faɗa ba shi ne saƙon da na tura masa da tsakar daren Juma'a, ina roƙon a ba ni mutum ɗaya ya duba lambobin, ko a bar ni in tashi zangon sau ɗaya kafin taro. Amsarsa tana nan a wayata: "Malam, babu lokaci, mun yarda da kai." Bai kuma faɗi cewa shi ne a gaba ba, Senaki na gefensa, an yi masa magana ya ƙi ji. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ban tona wannan a gaban baƙi ba, don ban ga amfanin mu tsiraita kanmu sau biyu a dare ɗaya ba. Na jira ya kira ni daga baya mu yi magana ta fahimta. Wata takwas ke nan bai kira ba.

Na koma na warware shafukan nan sama da arba'in ɗaya bayan ɗaya. Kowane zango sai da na tashe shi da kaina da agogo a hannu, na sa lambar taswira da ta kamfas gefe da gefe da launi daban, na kuma sa alamar da ido zai gani duk bayan minti biyu ko uku: gada, mahaɗar kogi, layin dogo, bakin teku. Tun daga ranar babu jirginmu da ya sake ɓata a kan takardata. Da rukunin nan na waje suka nemi kundin don su ma su yi amfani da shi, an tura musu a matsayin aikin rukuni, an yanke kusurwar ƙasa inda nake sa haruffan sunana. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Wannan ya fi zaman bitar yi mini ciwo.

Ga wanda zai ɗauki irin wannan aiki, shawarata ta farko kada ka saki shafin da mutum biyu ba su gani ba, ko wane ne ya ce maka babu lokaci. In an sauya hanya saura kwana ɗaya, ka faɗa a zauren kowa cewa ba a gwada ta ba, kada ka tsaya ga saƙon sirri, don saƙon sirri ba ya tsaya maka shaida ranar da abu ya ɓaci.

Sauran ƙanana ne, amma kowanne ya taɓa cizon wani. Ka rubuta tsarin lambobin wuri a saman shafi, domin 42°10'45" da 42°10.45' ba wuri ɗaya ba ne, tsakaninsu ya haura mita 550, kuma jiragen F-16C da F/A-18C ba iri ɗaya suke karɓa ba. Tsayin tsauni ka sa shi da ƙafa da mita, saboda masu tuƙa jirgin Su-25T da mita suke karatu. Taswirar duniya ta gaske da ka jawo cikin manhajar zanen taswira ta QGIS kada ka amince mata sai ka gwada ta da ƙasar wasan, akwai hanyoyi da ƙauyukan da babu su a ciki. Farin shafi yana kashe ido a tashin dare. Rubutun da sai an matso da fuska kafin a karanta shi ba shi da amfani ga mai gudu a ƙasan kwari.

Shafin Enguri mai kuskuren ban goge shi ba, yana cikin fayilolin da na miƙa, na ja jan layi a kan 016 ɗin. Yaron da ya gaje ni ya kira jiya yana tambaya ko ya cire shi. Na ce ya bar shi tukuna, ranar Laraba in an kawo wuta mu hau mu biyu, ba a sabar rukuni ba, mu tashi daga Kobuleti da lambar kuskuren, sannan mu sake da ta daidai, ya ga inda Senaki ke zama a kowanne.